Tafintan cikin kwamfuta da masu kula da shi

Ran 14 ga watan Oktoba na 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya rufe wa'adin kula da tsarin nan nasa mai suna Windows 10, bayan shekara goma da fitowarsa. Magajinsa, watau Windows 11, bisa ƙa'idar da kamfanin ya kafa, ba ya karɓar mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017. Labarin daga nesa ya fito, amma ya iso har ƙofar ma'aikatun Matameye.

Matameye, babban garin gundumar Kance cikin jahar Damagaram, yana bisa hanyar da ta nufi Daura da Kano. A nan, kamar sauran garuruwan ƙasa, kwamfuta ta karɓe aikin tsohon keken rubutu. Da ita a ke buga takardun ma'aikata, da jerin sunayen ƴan makaranta, da wasiƙun neman aiki da a ke rubuta wa mutane a shaguna. Da yawa cikin waɗannan na'urori kuwa na gwanjo ne: sun yi aikinsu na fari a Turai ko Amurka, kana ƴan kasuwa suka kawo su. Mai irin wannan na'ura yana da hanya uku. Ko ya ci gaba da tsarin da aka daina gyarawa, ɓarayin intanet su iske ƙofarsa buɗe. Ko ya nemi kuɗin sabuwa. Ko kuwa ya zuba mata wani tsari na kyauta mai suna Linux. Hanya ta uku ita ce mai sauƙi ga aljihu. Sai dai dacewarta ta rataya ga wani ɗan abu da mutane kaɗan suka san da shi, da kuma waɗansu ma'aikata na nesa da ke kula da shi shekara da shekaru.

Katin hoto da tafintansa

Duk abin da ido ke gani bisa allon kwamfuta, harafi ne ko hoto, ɗige-ɗige ne ƙanana masu launi. Allon ƙaramar kwamfuta ta gwanjo sau da yawa yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, watau fiye da ɗigo miliyan 1. Kowannensu kuwa sai an sabunta shi sau 60 cikin daƙiƙa guda. Wannan aiki ya yi wa babbar ƙwaƙwalwar na'ura yawa, ga shi sauran ayyuka na jiran ta. Saboda haka aka ware masa ma'aikaci na musamman, shi ne katin hoto. A waɗansu na'urori kati ne sosai, ana cire shi a mayar. A mafi yawan ƙanana kuwa a manne ya ke, ba ya cirewa. Kamfanoni uku ne suka fi ƙera shi: Intel da AMD da Nvidia, dukansu na Amurka.

Kowane kati da harshensa, kuma tsarin da ke tafiyar da kwamfuta ba ya jin wannan harshe. Sai da tafinta. Wannan tafinta rubutaccen umarni ne, layi bisa layi. Masu gyaran kwamfuta suna ce masa direba, Faransawa kuwa su ce pilot, watau matuƙi. In tsarin ya ce a zana harafi a wuri kaza, direba ne ke juya maganar zuwa lambobin da katin ya ke ji. Shi ne kuma ke gaya wa katin lokacin da zai yi gudu da lokacin da zai huta.

In tafintan nan ya ɓace ko ya lalace, alamunsa ba su ɓuya. Rubutu ya kumbura, hotuna su miƙe, majigi ya riƙa tsinkewa. Fanka ta yi ta ƙugi, na'ura ta yi zafi, batir ya ƙare da wuri, abin da ba ƙaramin lahani ba ne a wurin da bazara ke da tsanani, wuta kuma ta kan ɗauke. Wani lokaci ma allon ya yi baƙi ƙirin. Mai na'ura sai ya ce ta mutu, alhali ƙarfenta lafiya lau ya ke, mai fassara ne kurum ta rasa.

Rufaffe da buɗaɗɗe

Direba iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda kamfani ke riƙe da asalin rubutunsa, ba wanda ke iya karantawa ko gyarawa sai ma'aikatansa. Ran da kamfanin ya ga katin ya daina kawo riba, sai ya janye hannu, shi ke nan. Akwai kuma buɗaɗɗe, wanda asalin rubutunsa ke fili, kowa na da iznin ya karanta, ya gyara, ya raba.

Linux buɗaɗɗe ne. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, shi ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki. Sharaɗin da ke kansa shi ne, wanda ya gyara ya raba wa jama'a, dole ya bayyana abin da ya gyara. A cikin Linux direban katin hoto kashi biyu ne. Kashi guda yana cikin zuciyar tsarin, shi ke kula da wuta da ma'ajiya da allo. Ɗaya kashin yana cikin wani babban rumbu mai suna Mesa, wanda wani Ba'amurke, Brian Paul, ya fara a 1993. Shi ke fassara zane-zane.

To, amma buɗewa kaɗai ba ta raya direba. Sabon Linux yana fitowa kowane sati tara ko goma, kuma cikinsa ba ya zama wuri ɗaya. Dokar gidan ita ce, wanda ya canza wani abu a ciki, shi zai bi duk direbobin da canjin ya taɓa ya daidaita su. Wannan doka alheri ce ga tsohon kati, domin muddin direbansa na cikin gida, ana tafiya da shi. Amma tana da ɗaya fuskar: duk direban da rubutunsa ya cukurkuɗe ya zama kaya bisa kan kowa. Dalilin ke nan da ya sa masu kula da Linux ba su wasa da tsabtar rubutu.

Gyara iri biyu

Gyara na fari shi ne toshe ɓaraka. Wani ya kawo kuka cewa allonsa na ɗaukewa in ya rufe marfin na'ura ya buɗe. A nemo layin da ya jawo haka a gyara. Wannan kowa na ganin amfaninsa nan da nan.

Gyara na biyu shi ne sake tsari, kuma ma'aikacin da ya taɓa riƙe tsohon littafin rajista zai gane shi da sauri. Littafi ya shekara ashirin hannu-hannu. Wannan ya soke layi ya rubuta a gefe, wancan ya liƙa takarda, sunan mutum ɗaya ya fito a shafi uku. Littafin bai yi ƙarya ba, amma wanda ya saba da shi kaɗai ke iya gano abu a ciki, kuma ran da aka yi masa canjin wurin aiki, magajinsa ya shiga uku. Magani shi ne a zauna a kwafe shi cikin sabon littafi bisa tsari, ba tare da an canza suna ko kwanan wata ko guda ba. Haka a ke yi wa direba. Umarnin da aka maimaita wuri biyar a haɗe shi wuri ɗaya. Dogon sashe a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace da sunanta. Abin da aka daina amfani da shi a share. In an gama, mai na'ura ba ya ganin wani bambanci, kuma haka a ke so. Ribar sai gaba, ran da za a nemi kuskure ko a ƙara sabon kati.

Aikin yana da haɗari, domin garin gyara a kan ɓata abin da dā ke tafiya daidai. Saboda haka ba a yin sa a dunƙule. Ana yin sa ƙananan canje-canje, kowane da bayanin dalilinsa, kuma sai wani masani ya duba ya yarda kafin a karɓa. In ɓarna ta ɓulla daga baya, sai a bi ta da dabarar raba biyu: a gwada tsakiyar jerin canje-canjen, a ga ko ɓarnar na gaba ko na baya, a sake raba rabin da ta ke ciki. Cikin canji 1000, gwaji kamar 10 ya isa a kama mai laifi. Sai dai gwajin ba ya yiwuwa sai da katin da ɓarnar ta shafa, da kuma mutumin da ke riƙe da shi.

Ranar da aka ce wa babban kamfani a'a

Kamfanin AMD ya sayi kamfanin katin hoto na ATI a 2006, kuma tun 2007 ya fara buɗe takardun bayanin katunansa ga masu rubuta direba. A 2015 sabon direbansa buɗaɗɗe mai suna amdgpu ya shiga Linux. A watan Fabrairu na 2016 kamfanin ya kawo ƙarin rubutu mai layi kimanin 93,000, sashen da ke kula da allo, yana neman a karɓa.

Mai tsaron ƙofar wannan fanni shi ne Dave Airlie, ma'aikacin kamfanin Red Hat mazaunin Ostareliya. A watan Disamba na 2016 ya ƙi karɓa. Bai ce rubutun ba ya aiki ba. Dalilinsa shi ne, AMD ta gina shi yadda zai yi aiki a Windows da Linux gaba ɗaya, ta sa masa shinge na kansa, tana maimaita abubuwan da Linux ya riga ya tanada domin kowa. In aka karɓe shi haka, ba wanda zai iya taɓa shi sai ma'aikatan AMD, dokar gidan kuwa ta rushe.

Maganar ta yi zafi, domin masu sababbin katuna na jira, waɗansu ba su samun sauti ta wayar da ke haɗa kwamfuta da talabijin. Amma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ma'aikatan AMD suka koma suka ɗauki kusan shekara guda suna rushe shingen, suna sake tsari bisa jerin abubuwan da aka nuna musu. Aka karɓi aikin cikin Linux 4.15, wanda ya fito a watan Janairu na 2018. Zuwa 2023 rubutun amdgpu ya wuce layi miliyan 5, mafi yawansa jerin sunaye da lambobin sassan kati. Gini mai wannan girma, da an aza shi bisa karkataccen tushe, da wuya a iya tallabe shi.

Aikin da ya rataya ga mutane kaɗan

Labarin katunan Nvidia dabam ne. Shekaru da dama kamfanin bai buɗe bayanin katunansa ba. A 2005 wani Bafaranshe, Stéphane Marchesin, ya fara rubuta musu buɗaɗɗen direba mai suna Nouveau, watau sabo. Da ya ke ba su da takardun kamfani, sai suka koyi harshen katin kamar yadda baƙo ke koyon harshen gari: su ba rufaffen direban kamfanin umarni, su saurari abin da ya gaya wa katin, su rubuta. Masu na'urori daga ƙasashe dabam-dabam suka riƙa yin wannan gwaji a gidajensu suna aika sakamako. A 2010 Nouveau ya shiga Linux.

Wahala ba ta ƙare ba. Katunan da Nvidia ta fitar tun daga ƙarshen 2014 ba su karɓar waɗansu umarni sai da hatimin kamfani, saboda haka da yawansu suka zauna suna rarrafe ƙarƙashin Nouveau, ba su iya kai gudun da aka ƙera su da shi. Sai a watan Mayu na 2022 kamfanin ya buɗe wani sashe na direbansa domin sababbin katuna.

Fiye da shekara goma, nauyin Nouveau na cikin zuciyar Linux ya fi rataya ga mutum guda, Ben Skeggs. A watan Satumba na 2023 ya ajiye aikin, jama'a suka shiga tunanin makomar direban. A watan Afrilu na 2024 sai ga shi ya sake ɓulla, wannan karo yana ma'aikacin Nvidia, ɗauke da canje-canje 156, mafi yawansu na share gida da sake tsari. A shekarar ce kuma ma'aikatan Red Hat suka sanar da wani sabon direba mai suna Nova, domin sababbin katunan kamfanin. Abin lura a nan shi ne, na'urori masu yawan gaske a duniya suna iya dogara ga aikin mutanen da ba su wuce a ƙidaya da yatsu ba. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Wanda aka ɗauka da wanda aka bari

Sake tsari ya kan zo da hukunci mai nauyi: wane tsohon kati za a tafi da shi, wane za a bari? A watan Maris na 2022 Mesa ta fitar da bugu na 22.0, ta kwashe tsofaffin direbobinta da aka gina bisa tsohon fasali, domin riƙe fasali biyu ya zama wahala. Cikin waɗanda aka kwashe har da na katunan Intel na tsakanin 2006 da 2013. Waɗannan kuwa su ne a cikin irin HP EliteBook 8460p da Dell Latitude E6420 da Lenovo ThinkPad T420, na'urorin 2011 da suka yi yawa a kasuwar gwanjo.

Ba a bar su marayu ba. Tun 2021 Dave Airlie da abokan aikinsa sun rubuta musu sabon direba mai suna Crocus bisa sabon fasali, shi ya karɓi aikin. Saboda haka na'urar 2011 da Windows 11 ya ƙi, Linux na yau yana karɓar ta, allonta tangaran. Har katunan ATI na zuriyar R300, waɗanda suka fara fitowa a 2002, masu aikin sa-kai sun ci gaba da inganta direbansu bayan shekara ashirin. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Waɗansu kuwa ba su yi wannan sa'a ba. A watan Afrilu na 2023 Linux 6.3 ya share direbobin katunan 3dfx da S3 Savage da ATI Rage 128 da Intel i810 da makamantansu. Sun shekara da shekaru ba mai kula da su, kuma fasalinsu na da haɗari ga tsaron na'ura. Ma'aunin da masu gyara ke dubawa a fili ya ke: akwai mai amfani da katin da ke magana? Akwai mai gwadawa? Akwai mai ɗaukar nauyin gyara? Masu gyaran nan yawancinsu suna Turai da Amurka da Ostareliya, inda aka daɗe da zubar da tsofaffin na'urori. Inda na'urorin suka koma su ke aiki, can ne shiru ya fi yawa. Katin da masu shi suka yi shiru kuwa, a idon mai gyara tamkar ba kowa gare shi.

Rabon Matameye cikin wannan aiki

Mutanen wannan yanki ba baƙin irin wannan hidima ba ne. Tun wajen tsakiyar shekarun 1980 manoman Matameye da Magarya da Mirya suka ɗauki sassaben zamani. Maimakon su sare duk tohon da ya fito a gona, sai su zaɓi mai ƙarfi su bari, su datse na gefe, su dawo baɗi su sake datsewa. Ba wanda ya dasa gawon da ke cikin gonakin nan, kulawa ce ta tashe shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya ƙasar Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Mai kula da direba ma haka ya ke: ya zaɓi abin bari, ya cire abin cirewa, ya dawo shekara mai zuwa.

Linux kuwa ba abin wasan yara ba ne. Jandarmomin ƙasar Faransa sun juya dubun-dubatar kwamfutocinsu zuwa wani nau'insa da aka gina bisa Ubuntu. Wata ƙungiyar sa-kai ta Faransa mai suna Emmabuntüs tana gyara tsofaffin na'urori da Linux, kuma da irinsu aka buɗe ɗakunan koyon kwamfuta a makarantun ƙasar Togo.

Saboda haka akwai abubuwan da ya kamata shugaban ma'aikata ya riƙe. Kafin a jefa na'ura cikin ɗakin ajiya da sunan ta mutu, a sa mai gyara ya tashe ta da Linux daga ƴar ma'ajiyar USB. Wannan gwaji ba ya taɓa takardun da ke ciki. In za a sayi na'ura, sabuwa ko ta gwanjo, a tambayi irin katin hoton da ke cikinta, domin na Intel da na AMD buɗaɗɗun direbobinsu suna zuwa tare da Linux, ba sai an nema ba. A riƙe littafi na musamman a rubuta sunan kowace na'ura da katinta da ranar da aka sabunta tsarinta, yadda in ɓarna ta zo za a san daga inda ta faro.

In kuwa allo ya lalace bayan sabuntawa, kada a tsaya ga gunaguni. A rubuta rahoto zuwa ga masu kula da direban: sunan kati, lambar bugun da ke aiki, lambar bugun da ya ɓata, da abin da ido ya gani. Rahoton da Turancin Ingila a ke rubuta shi, layi biyar ko shida sun isa, kuma malamin Turanci na sakandare na iya taimakawa. Ɗaliban jami'ar André Salifou ta Damagaram masu sha'awar wannan fanni suna da abin da manyan masana na nesa suka rasa, watau tsofaffin na'urori masu aiki a hannu. Wanda ya yarda ya yi gwajin raba biyu sau goma bisa na'urarsa ya ba mai gyara rabin aikinsa. Da yawa cikin masu rubuta direba ta irin wannan ƙofa suka shiga, daga kai rahoto zuwa gyara layi guda, daga layi guda zuwa riƙon sashe.

Kwamfutar da ke bisa teburin sakatare a Matameye ta riga ta yi rayuwa guda a wata ƙasa. Tsawon ta biyun ya danganta ga masu share rubutun tafintanta a can nesa, ya kuma danganta ga masu ita a nan, in sun kakkaɓe mata ƙura, sun sabunta tsarinta, sun kuma sanar da masu gyara cewa har yanzu tana bakin aiki.